Ƙafar Bature da Yatsan Malam Ishaya

Daga tashar jirgin Funtua har Dandume, ba a taɓa yin baduku mai ido irin nawa ba. Mutum yana tahowa daga bakin kasuwa, kafin ya yi sallama na gama auna ƙafarsa, na yanka fata, har na zaɓi zare. Akwai wanda na ɗinka wa takalmi daga jin tarinsa kawai a bayan zana. Haka nake gaya wa samarin yanzu idan sun zauna a rumfata suna cewa, "Baba Sale, ai aikin nan ba wuya, gam ne da guduma." Su yi dariya, ni ma in yi. To amma yau ku gyara zama, in ba ku labarin abin da wannan ido nawa ya yi wa wani bawan Allah, sannan ku ce mini gam ne da guduma.

Shekara bakwai na yi a hannun maigidana, Baba Ɗan'azumi. Biyun farko ban taɓa aska ba. Aikina in goga wa zare kakin zuma, in jiƙa fata, in yi ta bugunta a kan dutse har ta yi laushi. A ta uku ya ba ni basilla. Ranar da ya miƙo mini askar yankan fata, sai da na je har gida na nuna wa gyatumata, kamar wanda aka naɗa sarauta. Kayan aikinmu duka ba su cika jaka ɗaya ba: aska, basilla, madoshi na huda, ƙaramar guduma, dutsen wasa wuƙa, da guntun gawayi. Gawayin nan kuwa ya fi komai daraja a wurin Baba. Ba ya auna ƙafa da safe. Sai la'asar, bayan mutum ya yini yana zaga kasuwa ƙafa ta kumbura, sannan zai tsayar da shi a kan takardar siminti, ya ce ya saki nauyinsa duka, ya zagaye ƙafar da gawayi, ya ƙara faɗin babban yatsansa a gaba. Yakan ce, "Ƙafar safe maƙaryaciya ce, Sale. Ta yamma ita ce mai gaskiya."

Fade muke yi a lokacin, da takalmin taya na manoma. Waɗannan ba sa cutar da kowa, don yatsu a waje suke, suna shan iska. Amma da aka sami 'yancin kai, sai gari ya cika da masu albashi: akawu, malaman sikeli na kasuwar auduga, malaman makaranta. Kowannensu sau-ciki yake so, baƙi, mai tsinin baki, wanda in ya taka siminti za a ji ƙwas-ƙwas daga ofis uku. Shi kuwa sau-ciki ba a ɗinka shi a iska. Sai an sami ƙafar katako da za a ja fata a kanta.

Ranar wata Asabar aka yi gwanjon kayan wani Bature na kamfanin auduga da zai koma ƙasarsu. Mutane suna kokawa a kan kujeru da fitilu, ni kuwa na hango wasu ƙafafun katako guda biyu a cikin kwali, sumul-sumul, suna ƙyalli. Daga baya na ji cewa ba ma na ɗinki ba ne, cusa su yake yi a takalminsa don kada ya lotsa. Na rungumo su na kawo wa Baba, lokacin na riga na buɗe rumfata amma ban daina gaishe shi ba. Ya juya su, ya sake juyawa, ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗaya.

"Sale, wannan ƙafa ba ta taɓa shiga gona ba."

"Ai shi ya sa take da kyau, Baba."

"Dubi bakinta, kamar na kifi. Ina mutanenmu za su sa yatsu biyar a nan?" Ya ajiye ta. "Na taɓa ganin wani tsohon soja da but ya matse shekara da shekaru. Yatsa in ya rasa wurin miƙewa, durƙusawa yake yi. In kuwa ya daɗe a durƙushe, sai ya manta tsayuwa."

Na ce to, na ɗauki katakona na tafi. Cikin shekara guda rabin akawun Funtua suna tafiya da ƙafar Bature ɗaya. In mutum dogo ne, in liƙa guntun fata a dunduniyar katakon ya ƙara tsawo. Faɗi kuwa ban taɓa ƙarawa ba, don faɗi shi ke ɓata tsini, tsini kuma shi ake saye. Na jefar da gawayi. In mutum ya ce yana matse shi, amsata guda ce: zai buɗe. Akawu kuwa a zaune suke yini, suna zare takalmin a ƙarƙashin tebur ba wanda ya gani, don haka kowa ya rufa wa kowa asiri.

Ran kasuwar Malumfashi nakan hau mota da buhun kayana in kafa rumfa kusa da masu fata. A nan Malam Ishaya ya same ni. Malamin makarantar mishan ne a wani ƙauye da ke kan hanyar Musawa, ɗan manoma, shi ne na farko a danginsu da ya riƙe alli. Ajinsa ɗaya tal, a ƙarƙashin rufin ciyawa, kuma da ƙyar ya lallashi iyaye, Kirista da Musulmi, suka ba shi yaran. Ya ce manajan makarantun mishan ya faɗa musu malami ba ya tsayawa gaban aji da takalmin taya. Ya zare nasa ya miƙo ƙafa. Jama'a, ƙafa ce! Faɗinta kamar faifai, yatsu a baje kowanne yana harkarsa, na biyun kuma ya fi babban tsawo, ya yi gaba kamar ɗan jagora.

"Ba za ka zana ba, Malam Sale?"

"Zane na masu koyo ne, Malam. Na riga na gani."

Na ɗinka masa da fatar saniya mai kauri, wadda aka jeme da bagaruwa, na sa tafi biyu, na buga ƙarfe a dunduniya. Ranar da ya zo karɓa sai da muka haɗa da cokali kafin ƙafar ta shiga. Ya miƙe, ya yi taku uku, gumi ya keto masa.

"Yana ɗan cizo."

"Sabon takalmi kamar sabon doki ne, sai kun saba. Zai buɗe."

Bai buɗe ba. Fatar da na zaɓa, ko giwa ta sa sai dai giwar ta tsuke. Kuma Malam Ishaya ba akawu ba ne. A tsaye yake yini gaban allo, in an tashi ya bi gida-gida yana neman yaran da aka tura kiwo, ran Lahadi ya taka zuwa wani ƙauyen ya karanta wa jama'a littafi. Duk a cikin takalmin nan, don shi ke nan gare shi, kuma shi ne shaidar cewa shi malami ne. Sau biyu yana kawo mini in sake masa tafin takalmin. Duk zuwa sai ya ce, "Har yanzu fa yana cizo." Ni kuma in zuba masa man gyaɗa a ciki in ce ya ƙara haƙuri.

Zuwa na uku, wajen shekara biyu da rabi ke nan, kasuwa ta cika maƙil, kaka ta yi. Akwai mutum huɗu zaune a bencina, biyu sun zo ba da aikin sau-ciki. Malam Ishaya ya zo yana ɗingishi, ya zauna, ya zare na dama, ya cire safa. Yatsan nan na biyu ya tashi a gaɓar tsakiya kamar ƙotar fartanya, kansa ya soki ƙasa. A kan gaɓar kuwa wata kanta ta fito, ta fashe, tana ruwa. Na ukun ma ya fara bin sawun ɗan'uwansa.

"Malam Sale, dubi abin da takalminka ya yi mini."

Ina gani na gane. Maganar Baba ta tsohon soja ta faɗo mini a take. Amma ga mutum biyu da ƙafafunsu a miƙe suna jiran ido na, kuma ni mutum ne da ba a kayar da ni a gaban jama'a. Na ɗaga takalmin sama ina juya shi.

"Haba Malam! Mutum nawa ke sa irinsa a Funtua? Ko ɗaya yatsansa bai yi ruku'u ba. Wannan ba daga fata ba ne, daga jini ne. Ka dai je a duba ka, kada ya zama babban ciwon nan."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har da buga cinya. Shi bai yi ba. Ya mayar da safarsa a hankali, ya cusa ƙafar, ya ɗaure igiya, ya tafi. Ban lura ba, ashe cikin masu dariyar akwai wani mai sayar da dawa daga ƙauyen da Malam ke koyarwa, yaransa biyu suna ajin.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda ake tsoron kuturta a wancan zamani ba. Ba a kiran sunanta ma. Kuma abin da kowa ya sani game da ita shi ne tana naɗe yatsu, tana kawo gyambon da ba ya warkewa. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin mako biyu, duk ƙauyen an ji cewa badukun Funtua, wanda ya ga ƙafa dubu, ya duba ta Malam ya ce jini ne.

Sauran labarin daga baya na tsince shi. Malam Ishaya ya ji abin da ake faɗa, sai ya daina cire takalmin gaba ɗaya don kada a ga yatsan. A ƙauye kuwa ba a shiga zauren dattijo da takalmi. Sai ya riƙa tsayawa daga waje yana gaisuwa. Mutane suka ce, kun gani, ɓoyewa yake. Aka daina kiransa cin tuwo a akushi ɗaya. Matar da ke kawo masa fura ta koma ajiyewa a bakin ƙofa. Yana ɓoye yatsan a cikin abin da ke lanƙwasa shi, yatsan yana ƙara lanƙwashewa, yana ƙara ɓoyewa. Yara suka fara raguwa, yau biyu gobe uku, har aka wayi gari yana koyar da benci.

Ni ina Funtua ban san ana yi ba. Damina ta gaba ita ce mugunyar shekararmu. Tsutsa ta shiga auduga, manomi bai samu ba, malamin sikeli bai samu ba, balle baduku. Ga kuma takalman roba na kamfani sun fara shigowa a jirgi, kwali-kwali. Sai in yini ban zare basilla ba. Na wasa askata har ta kusa zama allura. A irin wannan zama ne, ran wata kasuwar Malumfashi, wani mutum mai farar riga ya tsaya a kaina. Malam Bitrus ne, malamin asibitin mishan, wanda ke duba masu kuturta a ƙauyuka.

"Kai ne Sale mai ido?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Wace ƙafa za a yi wa gata?"

"Kawo abin da kake ɗinki a kansa in gani."

Na fito da ƙafar Bature. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya shimfiɗa a ƙasa. Zanen ƙafar Malam Ishaya ne. Ya ɗora katakon a kai. Zanen ya fito ta kowane gefe, kamar an ɗora ɗan tsako a kan faranti.

Ya ce Malam ya zo wurinsa da kansa. Ya tuɓe shi ya duba fatarsa kaf, babu tabo ko ɗaya. Ya rufe masa ido ya shafa masa auduga a tafin ƙafa da yatsu, duk inda ya taɓa sai ya nuna. "Mai wancan ciwo ba ya jin ƙafarsa, ko ƙaya ya taka. Wannan kuwa ina taɓa kantar ya kusa tsallake tebur. Ba jini ba ne. Kai ne."

Ya zauna a bencina ya yi mini karatun da ban biya ba. Ya ce kowane yatsa yana da jijiya a sama mai miƙe shi, da ta ƙasa mai naɗe shi. In takalmi ya yi gajere ko bakinsa ya tsuke, yatsan da ya fi tsawo shi ke fara cin karo, sai ya naɗe. Yau da gobe jijiyar ƙasa ta gajarce, ta saba. Wasu kuma tuntuɓe ne ya taɓa karya musu, wasu ciwon gaɓoɓi, wasu ciwon da ke kashe jijiya, amma mafi yawa takalmi ne. In an kama shi da wuri, lokacin da in ka ja shi da hannu yana miƙewa, magani ba wuya: a jefar da takalmin, a sa mai faɗin baki da zurfi, a ɗora auduga a kan gaɓar, a ɗaure shi da filasta jikin maƙwabcinsa, mutum ya riƙa ja yana miƙar da shi safe da yamma, yana tsintar tsumma da yatsun ƙafa.

"To ai sai a yi masa haka."

"Da ka faɗa masa gaskiya zuwansa na farko, da an yi. Yanzu gaɓar ta ƙage. Sai dai babban asibiti a Zariya, a yanka, a rage ƙashi, a sa ƙarfe ya riƙe shi har ya haɗe."

"Ya tafi?"

"Ya ce in yanzu da yatsunsa goma cif ana gudunsa, ranar da aka ji an sa wa ɗaya wuƙa fa?"

Malam Bitrus ya riga ya rubuta takarda ya kai ƙauyen, an karanta a majami'a. Mutane suka ce ai mishan ba za su tona asirin nasu ba. Manaja ya ce in yara ba su dawo ba kafin sabon zango, za a rufe ajin a kawo wani malami daga baya. Saura kwana goma.

Washegari na ari keke, na ɗaure ƙafar Bature a baya, na nufi ƙauyen. Na sami mai unguwa da dattawan ikilisiya a gindin wata ɗorawa. Na cire takalmina, na durƙusa, na gaishe su, na ajiye katakon a tsakiya. Na ce ni ne badukun da ya yi maganar nan, kuma ƙarya na yi. Na sa wani dattijo ya ɗora ƙafarsa kusa da katakon don su ga bambanci. Na yi bayanin jijiyar sama da ta ƙasa yadda aka koya mini jiya, har na ƙara gishiri kaɗan, na ce a Funtua akwai akawu arba'in da yatsunsu suka naɗe kamar ƙahon rago.

Mai dawan nan yana wurin. Ya ce, "Baba, ku tambaye shi. Ran nan cewa ya yi ko mutum ɗaya babu. Yau sun zama arba'in."

Mai unguwa ya dube ni. "Ɗana, ba kai ne aka ce ka ɗinka wa raƙumi but ya je Agadas ya dawo tafin takalmin bai cinye ba?"

"Wannan raha ce, Baba."

"To ran nan raha ce, ko yau ce raha?"

Na rantse da duk abin da na sani. Suka saurare ni da ladabi, aka kawo mini ruwa, aka yi mini godiyar tahowa. Wani tsoho ya ce shi dai ya yarda da ni, amma jikokinsa ba nasa ba ne shi kaɗai, iyayensu mata ba za su yarda ba. Sabon zango ya zo, yara huɗu suka dawo. Aka rufe ajin. Malam Ishaya ya koma gonar ubansa, can gefen Malumfashi. Bayan shekara aka kawo wani malami, aji ya sake cika.

Ƙafar Bature kuwa a murhun mai ƙosai ta ƙare, kuma ko a nan ba ta yi abin kirki ba, hayaƙi ta yi ta yi. Na koma wurin Baba Ɗan'azumi, ya haɗa ni da wani masassaƙi, muka sassaƙa ƙafafu shida daga icen ƙirya, masu faɗin gaba, masu tudu a wurin yatsu. Na karɓi zanen nan daga Malam Bitrus, na zauna na yi takalmin da ban taɓa yin irinsa ba. Fatar akuya mai laushi a sama. Na jiƙa daidai inda gaɓar take, na tura ƙwallon goruba daga ciki ya kwana uku har wurin ya yi ɗaki. Na shimfiɗa auduga a ƙarƙashin kan yatsan, na rage dunduniya. Ba shi da kyan gani, bakinsa kamar na kwaɗo, amma jariri zai iya barci a ciki.

Na same shi a gona ana cirar gyaɗa, ƙafa ba takalmi, gyambon ya warke tun da ya daina sa wancan, yatsan dai yana nan a durƙushe. Ya amsa sallamata, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa. Na kwance ƙunshin na ajiye a gabansa. Ya karkaɗe ƙafarsa, ya zura. Ta shige ba cokali. Ya taka zuwa bakin gona ya dawo, ba ɗingishi.

Da na ga haka sai bakina ya dawo. Na ce, "Malam, wannan takalmi ko Makka ka taka da shi, sai dai hanya ta gaji. Yanzu fa na gane sirrin ƙafa. Duk lardin nan babu wanda ya kai ni."

Ya zauna a kan tarin harawa, ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su, ya ajiye a inuwa. Ya ɗauki fartanyarsa.

"Ya yi daidai, Malam Sale, na gode. Yaran mutane da alli na koyar da su, wata uku sun iya baƙi. Kai kaɗai na koyar da ƙafata, kuma duk ajin babu wanda ya kai ka daɗewa bai gane ba."